Minti Tara a Bakin Tafki

Tare aka tayar da injinan ban ruwan guda shida, domin Jibo ya ce a yi haka a gani. Nasa ne ya fara yin shiru. Na Maitama ya yi tari sau biyu ya mutu, sauran ukun suka bi sahu ɗaya bayan ɗaya, har kukan tsuntsayen bakin tafki ya dawo kunne. Fadamar yammacin Dayi ta yi tsit, in ban da inji guda da ya ci gaba da ɓararaka yana kwarara ruwa cikin sabon dashen tumatir, kamar ba da shi aka yi doka ba. Injin Malam Shitu ne.

Malam Shitu yana tsaye da fartanya a hannu, ruwa yana bi ta tsakanin yatsun ƙafarsa. Bai waiwaya ba, amma ya san mutum biyar suna kallon ƙeyarsa. Shekararsa sittin da huɗu a duniya, bai taɓa sanin ƙarar inji tana iya zama abin kunya ba sai ranar. Da injin ya ga dama ya tsaya, Jibo ya tako a hankali, ya ɗaga hannunsa mai agogo sama don kowa ya shaida.

"Minti tara, Malam," in ji shi. "Safe da yamma, sha takwas ke nan. Allah kaɗai ya san tun yaushe."

Wanda bai san Malam Shitu ba zai ce minti tara me ne ne. Shekara ashirin da takwas ya yi yana malamin auduga, daga kasuwar Funtua zuwa ta Malumfashi da ƙauyukan da ke tsakani. Manomi zai sauke kayansa, shi kuwa ya tura hannu can cikin buhu, ya zaro, ya ja zaren a haske, ya ce lamba ɗaya, ko biyu, ko uku, kuma magana ta ƙare. Akwai shekarar da ya ba surukinsa lamba uku a gaban jama'a, matarsa Mero ta yi wata guda tana manta sa gishiri a miya. Abokan aikinsa sun yi ritaya da motoci da gidajen kwano. Shi ya dawo Dayi da keke guda da suna, kuma a cikin biyun ba keken yake gogewa kullum ba.

Saboda sunan nan aka ba shi shugabancin masu noman rani. Daminar bara ta ɗauke da wuri, tafkin bai kai rabi ba, ga injina shida da gonaki shida a kansa. Aka yi yarjejeniya: awa ɗaya da safe, awa ɗaya da yamma, don ruwan ya kai kowa girbi. To, amma awar mai tumatir a gona ta fi ta mai agogo tsawo. Kullum sai an yi cacar baki, har wata rana aka zare wa juna lauje.

Sai Abdussamad, ɗan Malam Shitu, ya kawo magani. Ya yi karatun injiniyan lantarki a Zariya, yana aiki a gidan gurzar auduga a Funtua. Ya zo da 'yan akwatuna shida, kowanne bai fi kwalin sukari ba. A ɗaura wa inji, a danna maɓalli, idan awa ta cika akwatin ya kashe injin da kansa, babu roƙo, babu sanayya. A cikin kowanne akwai wani ɗan baƙin abu mai ƙafa goma sha shida wanda shi yake ƙidayar lokacin. Masu gyaran rediyo suna ce masa aisi, manoma kuwa da suka leƙa suka raɗa masa kyankyaso. Abin da ya fi burge su shi ne cinsa kaɗan. A shekarar nan batir ya yi wuyar da sai an yi layi, amma Abdussamad ya tsara abin yadda batirin tocila biyu kacal za su kai shi ƙarshen rani.

Ranar da aka ɗaura su, mutane suka riƙa cewa, "Malam, ka haifi ɗa." Ɗan fari ne, Malam Shitu ba ya ko kiran sunansa, balle ya yaba shi a bainar jama'a. Sai ya kau da kai ya ce, "Wasan yara ne." Amma da ya koma gida malmala uku ya tashi da ita, Mero tana kallonsa tana murmushi.

Mako shida ke nan da yin haka. Yanzu ga Jibo a tsaye, ga sauran sun kewaye su.

"Akwai wata 'yar kusa a cikin kowane akwati," in ji Jibo. "Da idona na ga ɗanka yana murɗa ta. Wa ya san wadda aka murɗa dama, wadda aka murɗa hagu? Ni ban ce kai ba, Malam. Amma ba kullum albasa take yin halin ruwa ba. Kuma ko ba a faɗa ba, ruwan a gonarka ya kwana."

Jibo mutum ne mai baki kamar reza, sai dai a wannan magana ta ƙarshe bai yi ƙarya ba, kuma ita ce ta fi yi wa Malam Shitu ciwo. Ya sha ruwan mutane, ko da bai sani ba. Ya sunkuya ya janye tiyo daga tafki, ya naɗe shi tsaf, ya kwance akwatin daga jikin injin ya jefa a aljihu.

"Yau Lahadi," ya ce. "Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci mu haɗu a gindin tsamiyar can. Daga yanzu zuwa ranar, gonata ba za ta ɗanɗani ruwan tafkin nan ba. In an same mu da ha'inci, ni ko yaron nan, ku zaɓi wani shugaba, ku raba awata a tsakaninku."

"Haba Malam," in ji Maitama, "dashen naka kwanansa nawa? Ga zafi ya fara. Ai ba zai kai ba."

"Na ji," in ji Malam Shitu, ya saɓi fartanyarsa.

Washegari ya hau motar Malumfashi, daga can ya canja ta Funtua. Ya tarar da ɗansa a ɗakin gyara na gidan gurza, gashin auduga ya yi masa fari a ka kamar shi ne uban. Abdussamad ya durƙusa ya gaishe shi, ya saurari labarin, fuskarsa ta canja.

"Baba, ba zai yiwu ba. Zane ɗaya ne, kaya ɗaya, hannu ɗaya. Sai da na daidaita su duka a kan teburin nan, ɗaya bayan ɗaya, da wannan kusar da Jibo yake magana. Ko daƙiƙa biyar babu a tsakaninsu."

"To, kunnena ne ya yi ƙarya ko agogon Jibo?"

Abdussamad ya buɗe akwatin, ya jujjuya, ya rasa abin kamawa. Wanda ruwa ya ci kuwa ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. "Pius ne," ya ce. "Jabu ya haɗa mini a ciki."

Shagon Pius yana bayan tashar jirgi, cike da cikin rediyo da wayoyi da ƙananan kwalaye. Mahaifinsa ya zo daga kudu da aikin reluwe, shi kuwa a Funtua aka yanke masa cibiya, kuma aji ɗaya suka yi firamare da Abdussamad. Ya tashi da sauri ya goge wa Malam Shitu kujera, amma da ya ji abin da ya kawo su sai ya dafe ƙirji.

"Jabu? Ni? Samadu, ni da kai muka sha fura a ƙwarya ɗaya, yau ni za ka kawo wa Baba ka ce na cuce shi? Wallahi ka ba ni kunya."

Ya shiga ciki ya fito da wani dogon bututun roba da ba a ko fasa bakinsa ba, ya yanke a gabansu, ya zazzage. Kyankyasai ashirin da biyar suka zube a kan kanta, baƙaƙe, masu rubutu iri ɗaya. "Ga 'yan uwansu, jirgi ɗaya ya kawo su. Gwada. In ka sami jabu ko ɗaya, ka ɗebi shagon nan kyauta."

Abdussamad ya haɗa allon gwaji mai 'yar jar fitila. Duk wanda aka dasa a kai, fitilar za ta riƙa ƙyaftawa, kuma idan lafiya yake sau sittin za ta yi a minti guda. Pius ya riƙe agogo. Na farko sittin. Na biyu sittin. Na uku sittin da ɗaya. Suka cire na cikin akwatin Malam Shitu, mai laifin, suka dasa: hamsin da tara, wanda ba a ƙirga shi bambanci.

"Ka gani?" in ji Pius.

"Ka gani, Baba?" in ji Abdussamad. Kowannensu ya wanke kansa, amma minti tara na nan inda suke.

Malam Shitu yana zaune yana kallonsu. Bai san lantarki ba, amma ya san gwaji, domin da shi ya ci abinci shekara ashirin da takwas. Idonsa ya bi wata baƙar waya da ta fito daga allon, ta gangara ƙarƙashin kanta, ta shiga wani akwati, ta haura bango.

"Kai," ya ce, domin haka yake kiran ɗansa, "wannan igiyar ina za ta?"

"Wuta take kawowa, Baba. Daga bango."

"A can wurin aikinka ma da wutar bango ka daidaita su?"

"E, Baba. Ta fi ƙarfi, kuma ba ta rawa."

"A fadama akwai bango?"

Malam Shitu ya jawo akwatinsa, ya zaro batiran nan biyu da suka yi mako shida suna shan rana a bakin tafki, ya ajiye su a kan kanta.

"Shekarar fari, wadda aka yi shekara goma da suka wuce, wani mutumin Mahuta ya kawo mini auduga," ya ce. "Na san shi, na san gonarsa. Duk shekara lamba ɗaya nake ba shi ba tare da na tura hannu sau biyu ba. A shekarar nan, daga gona ɗaya, iri ɗaya, rana ɗaya aka shuka, lamba uku na fitar masa. Ya yi ta rantsuwa bai gauraya ba. Kuma bai gauraya ba. Bambancin yana nan tun da, ruwa ne ya rufa masa asiri. Kai ka gwada waɗannan a ƙoshe, ka tura su aiki da yunwa."

Abdussamad ya dubi batiran, ya dubi wayar, ya cire ta daga bango. Ya haɗa allon da tsofaffin batiran. Fitilar ta dusashe, amma tana ƙyaftawa. Pius ya ɗaga agogo, leɓensa yana motsi.

"Hamsin da uku," ya ce.

Suka dasa wani daga cikin sababbin: sittin da biyu. Wani: hamsin da tara. Wani: hamsin da biyar. Abdussamad ya ce a ba shi takardar kamfanin da ta zo da kayan. Pius ya lalubo ta a ƙarƙashin kwalaye, duk ta sha mai. Abdussamad ya bi ta da yatsa, ya tsaya, ya zauna a kan wani buhu.

"Sun rubuta," ya ce a hankali. "Ga shi layi uku: mafi sauri, matsakaici, mafi nawa. Ni na tsakiya na karanta na yi lissafina a kai. Kuma ga shi sun nuna, duk sanda wuta ta ragu, tazarar tana ƙara buɗewa."

"Yi mini Hausa," in ji Malam Shitu.

"Baba, a cikin kowane ɗaya akwai 'yan ƙofofi masu yawa, ƙanana ƙwarai, ido ba ya ganinsu. Wuta ce take tura su su buɗe su rufe, da haka yake ƙidaya. Ɗaruruwa ake gasa su a kan faifai guda, kuma duk ƙwarewar masu yi, ƙofar wani tana fitowa da ɗan tauri, ta wani da ɗan laushi. Idan wuta da ƙarfi, duk bangaje su take yi, ba a ganewa. Idan ta yi rauni, mai taurin sai ya riƙa jan ƙafa. Ni kuma da gangan na rage musu wuta don batir ya daɗe."

"Ashe masa ce," in ji Pius. "Ƙullu ɗaya, tanda ɗaya, amma ta gefe daban, ta tsakiya daban. Kullum sai na yi faɗa da mai masar ƙofar tasha a kan haka."

Malam Shitu ya ɗauki guda ya murza a tsakanin yatsunsa, ya ɗaga shi a haske kamar yadda ya saba. Bai ji komai ba, bai ga komai ba, ya ajiye da ɗan jin haushi. Amma ya ce a ba shi kwalin ashana uku. Ya jera su a gabansa, ya gyara zama, ya naɗe hannun riga.

"Ku riƙa ƙidaya kuna faɗa mini."

Haka suka wuni. Abdussamad yana dasawa, Pius yana ƙidaya, tsohon yana yanke hukunci. Muryar da ya ajiye tun ranar da ya bar aiki ta dawo masa da kanta, mai kauri, wadda ake ji daga ƙarshen layi. "Lamba ɗaya! Wannan mai gaggawa ne, gefe. Wannan malalaci, can." Har masu wucewa suka riƙa tsayawa a ƙofar shago suna leƙe, wani dattijo ya tambaya ko an buɗe kasuwar auduga ne a bayan tasha. Kafin la'asar sun fitar da goma sha ɗaya masu tafiya kusan tare ko da yunwa, shida masu sauri, takwas masu nawa.

"To Baba, sha huɗun nan fa?" in ji Pius. "Wa zai saya, an riga an yi musu tambari?"

"Lamba uku ba a zubar da ita. Ba ta yin yadi, amma tana cika katifa."

"Ƙararrawar ƙofa ba ruwanta da minti," in ji Abdussamad. "Ko fitilar ado. Sayar wa masu wannan." Sai ya juya ya kama hannun abokinsa. "Pius, na ɗora maka abin da ba ka yi ba. Ka yafe ni."

"Sai ka saya mini masa," in ji Pius. "Ta tsakiya."

A hanyar tasha Abdussamad yana biye da mahaifinsa taku biyu a baya, yana ɗauke masa jaka. Sai da suka kusa ya yi ƙarfin hali.

"Baba, ranar Juma'a sai a ce musu kayan ne suka zo da bambanci daga kamfani. Ai gaskiya ce."

"Gaskiya ce. Su masu kamfanin sun ɓoye?"

"A'a. Sun rubuta."

"To."

Malam Shitu ya karɓi jakarsa ya shiga mota. Bai ce masa ka zo ba, bai ce masa ga abin da za ka faɗa ba, domin auduga ba a yi mata magana kafin a tura hannu. Amma tun daga Funtua har Dayi zuciyarsa ba ta zauna wuri ɗaya ba. Yana tsoro, tsoro na gaske, kada ranar ta zo ya tarar Jibo ya faɗi daidai game da albasa.

Kwanakin da suka biyo baya sun yi masa tsawo. Kullum da hantsi zai je gona ya tsaya. Ran Talata ganyen ya lanƙwashe. Ran Laraba ƙasar fangalan ta fara tsagewa. Dama da hagu gonakin mutane shar, tasa a tsakiya kamar mara lafiya a gidan biki. Mero ta yi magana sau ɗaya.

"Malam, ko da bokiti ne. Inji ka ce ba za ka tayar ba."

"Ruwan tafki na ce."

"Taurin kan nan dai da shi za a binne ka," in ji ta, ta tura masa kwanon abinci da ƙarfi. Gishirin miyar ya ji daidai, daga nan ya gane ba fushi take yi ba.

Ranar Juma'a gindin tsamiya ya cika fiye da masu gonaki shida, domin labarin faɗuwar mai gaskiya ya fi kowane labari saurin tara jama'a. Malam Shitu yana zaune a kan buzu yana jan carbi, idonsa a kan hanya. An fara gyaran murya, Jibo ya duba agogonsa sau biyu, sai ga ƙarar babur. Abdussamad ne, Pius a bayansa rungume da kwali.

Abdussamad ya yi sallama, ya cire takalmi, ya tsaya a tsakiya.

"Iyayena, kafin komai, kuskuren nawa ne. Ba na mahaifina ba ne, ba na Pius ba, ba na masu kamfani ba. An rubuta gargaɗi, ni ne ban karanta shi duka ba. Na gwada akwatunan nan da wutar da babu irinta a nan. Saboda haka wasunku sun yi asarar ruwa. Ku gafarce ni."

Malam Shitu ya sunkuyar da kai ya ƙura wa carbinsa ido. Wani abu ya cika masa ƙirji. Ranar da yaron ya karɓo takardar digiri bai ji haka ba, ranar da aka ɗaura akwatunan ma bai ji haka ba. Alfahari ne tsantsa, kuma ba shi da inda zai sauke shi, sai ya yi tari ya gyara hula.

"Baki dai," in ji Jibo. "Kowa ya iya."

"Shi ya sa na zo da ido," in ji Abdussamad.

Ya zuba kyankyasan ashirin da biyar a kan faifai, gauraye, bayan ya yi wa na kirkin alama a ciki inda ba a gani sai an kifa. Ya miƙa wa Jibo. "Baba Jibo, a cikin nan akwai masu sauri, akwai masu nawa. Zaɓar wa kanka mai nawa, wanda zai ƙara maka ruwa."

Jibo ya ɗauki wannan ya ajiye, ya ɗauki wancan ya kanne ido ɗaya, har da shinshinawa. Mutane suka fara dariya. A ƙarshe ya tsinci shida yadda hannunsa ya faɗa. Abdussamad ya dasa su a alluna shida a kan tabarma cikin inuwa, ya haɗa su da babban batirin babur ɗinsa. Jajayen fitilu shida suka kama ƙyaftawa kusan tare, kamar masu sussuka da suka saba da juna. Ya bari kowa ya ƙoshi da kallo. Sannan ya ce kowane mai inji ya ciro batiran akwatinsa da hannunsa, ya mayar da allunan kansu.

Ba a yi numfashi goma ba tafiyar ta watse. Ta hannun dama ta yi gaba, ta kusa da ita ta bi ta da ɗingishi, ta tsakiya kuwa sai ta yi kamar ta manta sannan ta ƙyafta. Babu wanda ya taɓa kusa, babu wanda ya murɗa komai, kuma Jibo ne ya zaɓo su.

"Ikon Allah," in ji Maitama. "Su ma ashe sun san yunwa."

Jibo ya daɗe a tsugune yana kallo. Da ya miƙe bai dubi kowa ba, sai ya kama gyaran igiyar agogonsa, wadda ba abin da ya same ta.

Abdussamad ya kifa faifan ya tsince masu alama, ya sa shida a akwatunan, ya daidaita kowanne da gajiyayyen batir a gaban kowa, Pius yana ƙidaya da ƙarfi. Da ya gama ya ce, "Kada in ɓoye muku, ko waɗannan ba za su yi daidai cif ba. Za a iya samun rabin minti a tsakani, kuma ban san wanda zai faɗa wa ba. Don haka na yanko karare shida. A yi ƙuri'a, kowa ya ja nasa, don kada zargi ya sake shiga."

Ya miƙa hannu da kararen. Babu wanda ya motsa. Jibo ya yi gyaran murya, ya yi magana yana kallon tafki.

"Ƙuri'ar me? Muna da mai rabo a zaune, za mu tambayi kara?" Ya juyo, a karo na farko tun Lahadi ya dubi Malam Shitu ido cikin ido. "Malam, tashi ka raba mana. Wanda ka ba ni shi ne nawa. In rabin mintin ya faɗo gonarka, halal. In ya faɗo tawa, kada wanda ya zo mini da agogo."

Aka tuntsire da dariya. Malam Shitu bai yi ba. Ya miƙe a hankali, ya ɗauki akwatunan ɗaya bayan ɗaya yana kiran suna yana miƙawa, kowa yana karɓa da hannu biyu.

Da yamma, bayan gonar ta sha awarta, ya bi fangalan yana dubawa. A cikin goma sha biyu, bakwai sun fara ɗaga kai. Biyar sun riga sun tafi, ko tafkin duka aka juye musu ba za su dawo ba. Ya tattare rigarsa ya sunkuya yana tuge matattun, yana tara su a gefe. Mero, da ta kawo masa fura, ta tsaya daga nesa da ƙwarya a hannu tana saurare. Waƙa yake yi a ƙasan maƙoshi.